Lasisina a Bangon Shagon Arzika

Gesse, Birnin Kebbi.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sauke ku Argungu lafiya ke da maigidanki, Ya sa ku shiga garin da ƙafar dama, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Na ba innarki wannan takarda ta tusa miki a cikin kaya, don na san halina. In na ce da baki zan faɗa miki, tari zai sarƙe ni, in ɓige da tambayarki ko kin ɗauki bargo.

Jiya da kika zo sallama kin gaya mini yadda kuka yi da Alhajin da zai ɗauke ki aiki a shagonsa na magani. Kin ce yana so a sa shagon cikin sabon shirin nan na inshorar lafiya, wanda ma'aikacin gwamnati zai je asibiti a rubuta masa magani, ya kai takardar shagon da aka amince da shi, ya biya ɗan abin da ke kansa, shirin ya biya saura. Kin ce ba za a karɓi shagon ba sai da lasisin mai harhaɗa magani. Shi ba shi da shi, ke kuwa kina da naki, ko tawadarsa ba ta gama bushewa ba. Sannan kika ce ya yi miki sauƙi: wai ke matar aure ce, ki yi zamanki a ɗaki, a rataye takardar a bango, ki riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, albashinki ba zai ragu ba. Kika tambaye ni me na gani. Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri, na tashi na shige ɗaki. Wannan ba amsa ba ce, Saratu, gudu na yi. Amsar ce nake rubuta miki yanzu, tana da tsawo, sai ki yi haƙuri.

Tun kina jami'a kin sha tambayata me ya hana ni buɗe shago bayan na yi ritaya, alhali abokan karatuna kowa ya buɗe nasa. Nakan ce miki ba ni da jari. Ƙarya nake yi miki. Na taɓa yin shago, ko in ce sunana ya taɓa yin shago, har shekara biyu, a Argungun nan da za ki.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato aka dawo da ni Birnin Kebbi, ɗakin magani na asibitin gwamnati. Lokacin kina ƙarshen firamare. Mu masu lasisi mun yi ƙaranci ƙwarai a sabuwar jihar, duk mun san juna har da sunayen 'ya'ya. Kemis kam ga su nan birjik, amma kemis maganin ciwon kai da na tari da ire-irensu kaɗai doka ta yarje masa. Mai son sayar da manyan magunguna, na hawan jini da na ciwon suga da allurai, sai shagonsa ya yi rajista da sunan ɗayanmu. Sharaɗin kuwa a fili yake: mai sunan shi zai tsaya a shagon, kuma duk ƙwayar da ta fita tana wuyansa. Ma'aikacin gwamnati irina ma ba a yarda ya ba wani shago sunansa ba sam. Ba zan ce miki ban sani ba, ni ne ma nake koya wa na ƙasa da ni.

Kin san Baba Arzika, Allah Ya jiƙansa, ɗan kawuna, taubashina. Ke da buhun albasa kika san shi, da dariyar nan tasa da ake ji tun daga bakin titi. Tun muna yara ni da shi ba mu taɓa yin maganar gaske ba. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka a wasanmu ni bawansa ne, shi ubangidana. Ranar ɗaurin aurena da innarki ya zare mini hula a gaban surukai ya kifa a kansa, haka na wuni da kai tsirara. Ya ɗauke mini rediyo, ya ɗauke agogo. Ni ma ban bar shi ba, na taɓa kwance masa tunkiya ana gobe Sallah. Kin san ƙa'idar, taubashi in ya ɗauki abinka ba ka ɓata rai, in ka ɓata kai ne abin dariyar dangi har jikoki. Ina son mutumin nan, ki riƙe wannan kafin ki ji sauran.

Shekarar nan albasa ta yi masa kyau, ya kama shago kusa da kasuwar Argungu ya buɗe kemis. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo nan Gesse, ya ci tuwo, ya sha ruwa, sai idonsa ya faɗa kan lasisina da na sa a gilashi na rataye a falo.

“Kai bawa,” in ji shi, “mi takardar ga taka yi nan, tana kallon kujeru? Abin bawa ai na ubangidanai na.”

Ya miƙe ya sauke ta, ya goge gilashin da hannun riga, ya sa a hammata. Na yi dariya. Innarki ta yi dariya daga madafa. Ke ma kina bakin ƙofa kina ƙyalƙyatawa, ban sani ba ko kin tuna.

Na ce, “Ubangida, aje ta, wagga ba albasa ba ta.”

Ya ce, “In kana son abinka, zaka Argungu ka amsa.” Ya sa takalmi ya fita.

Ga kuskurena na farko. Da Arzika ya zo ya zauna ya ce, Umaru, ara mini lasisinka, wallahi da na ce a'a, kuma da ya haƙura. Amma da wasa ya ɗauka, ni kuma na ji nauyin in zama wanda ya fara ɗaure fuska a tsakaninmu. Na bi shi har ƙofar gida ina dariya, cikina na gaya mini in fizge abina. Saratu, akwai abin da ba a ɗauka da wasa, ba a kuma bayarwa don kunya. Wanda zai nemi takardarki ba da faɗa zai zo ba. Da zumunci zai zo, ko da tausayi, ya ce hutar da ke zai yi. Ki koyi cewa a'a sau ɗaya, fuskarki a daidai, ba dariya a ƙarshenta. Za a ji haushinki mako guda, ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan.

Da na je amsowa na tarar har an rubuta sunana a allon shago da jan fenti. Takardun rajista na kan tebur, hannuna kawai suke jira. Kawuna, mahaifin Arzika, yana zaune a kan tabarma a ƙofar shagon, tsoho tukuf, ya kama hannuna yana cewa Allah Ya yi mana albarka, yau ya ga ranar da boko ya yi wa zumunci amfani. A gaban wannan tsohon zan ce a goge fenti? Na sa hannu. Inda takardar ta tambayi ko ina wani aiki, na tsallake wurin kamar ban gani ba.

Ranar da masu duba shago za su zo na ɗauki hutun kwana biyu. Na share, na jera magani kowane a ajinsa, na sa aka kawo firji, na sa kabad mai makulli don magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita, na buɗe littafin da ake rubuta fitarsu. Na sayo abin awon jini sabo na ajiye a kan tebur. Na sa farar rigata na tsaya. Suka zo suka duba, suka yi mini tambayoyi na amsa, suka yaba, suka tafi. Ko kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fito daga bakina ba, tsayuwar da na yi ita ce ƙaryar. Su ma masu inshora za su turo a duba shagon Alhaji kafin su karɓe shi, kuma ranar za a aiko miki da mota har gida. Abin da za su gani ranar, ki tabbata shi ne abin da mai ciwo zai gani ranar Talatar da ba wanda ya san da ita. In ba haka ba, kada ki shiga motar.

Na yi wa kaina alkawarin zuwa kowace Asabar, na ce wannan ya isa. Da farko ina zuwa. Kuma idona ya ga abin da ya gani. Na buɗe firji na tarar da gorar zoɓo da ƙullin kifi sun ture allurai gefe. Makullin kabad na rataye a ƙusa, kowa na gani. Littafin nan tun shafi na biyu ba a ƙara rubutu ba. Arzika kuwa ya haddace magani da kala, wannan ja da rawaya, wancan fari mai tsaga, yana ba mutane yana haɗa musu da barkwanci, su kuwa suna son sa. Ba mugu ba ne. Wanda ba shi da ko sisi ma ba ya komawa hannu wofi.

Na yi magana? Na yi. Amma ji yadda na yi ta.

“Ubangida, wallahi kashe mutane za ka yi.”

“Ku ji mini bawa! Yau shi ka koya ma ubangidanai aiki.”

Sai 'yan zaman shago su fashe da dariya, ni ma in yi, a aiko da gasasshen kifi daga bakin gulbi mu ci. In zan tafi a ɗaura mini shinkafa ko albasa a bayan babur. Kin ci shinkafar nan, duk gidan nan mun ci. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni na ci ladan na bar askin. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsawon kwana, don kowane mako sai na sake shi. Gyaran da aka faɗa cikin dariya ba a faɗe shi ba. In kin ga abin da ba daidai ba a shagon da ke ɗauke da sunanki, ki rufe ƙofa, ki zaunar da mai shi, ki faɗa masa da muryar da ba zai ɗauka wasa ba ce, ko da ya haife ki.

A hankali Asabar ɗin ta fara tsallake. Na samu gona a fadamar Ambursa, kin san a kan hanya take, sai ya zama in na fito nakan tsaya in duba shinkafa, wani lokaci in ƙarasa Argungu, wani lokaci in juyo. Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen gari sun riga sun riƙe cewa Asabar ranar Malam ce, wato ni. Mai ciwon da ya fi ƙarfin Arzika sai ya daure, ya jira Asabar.

Akwai wani bawan Allah, Labbo, masinja ne a wani ofishin gwamnatin tarayya a can Argungu, gidansu masunta ne. Na taɓa duba masa takardar maganin mahaifiyarsa, na gyara masa yadda za ta sha, tun daga ranar ya ɗauke ni wani babban abu. Matarsa Kulu tana da ciki wata takwas. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ta kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, tana cewa tana ganin wuta-wuta a idonta. Ke da kika fito daga makaranta jiya kin riga kin san sunan abin tun ban ƙarasa ba, hawan jinin masu ciki ne. Tun Laraba abin ya tsananta. Aka ce ya kai ta asibiti, ya ce asibiti layi ne, bari Asabar ta zo Malam ya gan ta, Malam namu ne.

Asabar ɗin na fito da niyyar Argungu, Allah Shi ne shaida. Na iso Ambursa da hantsi na tarar ana bugun shinkafata, ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Na ce bari in tsaya a auna a gabana. Aka kawo fura, na zauna a inuwa, hira ta yi daɗi. Da na ɗaga kai rana ta karkata, na ce yau kam ta wuce, sai wani makon. Na juyo gida ina farin ciki, har na tsaya na saya muku rake.

Daga baya na ji yadda aka yi. Labbo ya kawo ta tun da safe, suka zauna a bencin ƙofar shago har aka kira azahar. Arzika ya ga matar tana riƙe da kai, tausayi ya kama shi, ya ce, “Malam bai zaka ba, amma kak ku damu, duk ya gwada mini.” Ya ba ta maganin ciwon kai, ya ba ta ƙwayar da ke sa fitsari don kumburin ya sauka. Abin awon jinin da na saya yana cikin aljihun tebur, a kwalinsa. Ban taɓa koya masa ɗaura shi ba.

Da ina nan, Saratu, ko ƙwaya ɗaya ba zan sayar musu ba. Minti biyu ne, in ɗaura mata abin awo a hannu, in ga inda jinin ya kai, in tare mota in kai ta asibiti da kaina. Asibitin ma ba nisa, mai ƙafa yana zuwa. A maimakon haka suka koma gida da magani a leda da kwanciyar hankali, tunda daga shagon Malam ya fito. Ranar Litinin da safe jijjiga ta kama ta. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka samu aka ciro 'yar da rai. Kulu ba ta kai la'asar ba.

Ban ce da na zo da ta rayu ba. Rai na Allah ne, kuma ciwon nan yakan kashe ko a gaban likita. Amma kwana biyu cur aka yi tana gida, kwana biyun da ya kamata tana gadon asibiti, kuma sunana ne ya zaunar da ita. Shekara goma sha nake juya wannan a raina, ban samu gefen da zan kwanta a kai ba.

Ki ji abin da na koya, da tsada na saye shi. Babban aikinki a shago ba miƙa magani ba ne, wannan kowa ma zai iya. Aikinki shi ne ki kalli mutum ki ce, wannan ba na nan ba ne, tashi mu je asibiti. Ɗan kasuwa ba zai faɗi haka ba, ba don mugunta ba, don bai san lokacin faɗa ba, kuma a tarbiyyarsa abin kunya ne mai saye ya fita hannu wofi. Wannan kalmar ita aka ba ki lasisi a kanta, takarda kuwa ba ta magana daga bango. Kuma kada ki ce ai masu inshora da takardar likita za su zo, an riga an gama tunani. Likita mutum ne, yana ganin mutane da yawa a wuni. Ke za ki lura an rubuta wa yaro awon babba. Ke za ki tambayi mace ko tana da ciki kafin ki miƙa. Ke za ki hana a canja maganin da aka rubuta da wani mai araha da ba a san asalinsa ba, ranar da mai shago ya fara ƙorafin shirin na jinkirin biya. Mai katin nan ba zai yi musu da abin da aka ba shi ba, don a ganinsa gwamnati ta riga ta duba wurin, ta ga akwai mai ilimi a ciki.

Na je ta'aziyya ranar uku. Ina shiga zaure Labbo ya taso, ya kama hannuna da hannu biyu.

“Malam, har ka wahalar da kanka? Mun gode, mun gode. Maganinka munka ba ta, har ƙahwahun sun hwara saɓewa. Kwana na yaƙ ƙare, ba wanda ka iya ma Allah.”

Godiya yake yi mini. Zaure cike da mutane, kowa na gyaɗa kai. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro: Labbo, ba maganina ba ne, ba magani ma take buƙata ba, ni ne ban zo ba. Na haɗiye ta. Na ce Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari, na shafa fatiha na fito. Na gaya wa kaina wai kada in ƙara masa baƙin ciki. Ba shi na tausaya wa ba, aikina na tausaya wa, da gidan gwamnatin da muke ciki, da sunana. Za ki yi kuskure a aikin nan, ba wanda ya gama shi bai yi ba. Ranar da kika yi, ki faɗa a ranar, ga mai ciwon da likitansa, tun ana iya gyarawa. Gaskiyar da aka ajiye zuwa gobe nauyi take ƙarawa, har ta kai ba ka iya ɗaga ta.

Daga gidan makokin shago na wuce. Arzika na ganina ya fara, “Kai bawa...”

Na ce, “Arzika.”

Tun da muka yi wayo ban taɓa kiran sunansa haka ba.  Na rufe ƙofa, na gaya masa ciwon da ke jikin matar, da abin da ya kamata a yi, da abin da ƙwayarsa ta ɓoye. Na faɗa da zafi, don ina neman wanda zan ɗora wa. Ya zauna a kan kwali, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hawaye ne a fuskarsa.

“Umaru, kai kas sani. Ni albasa nis sani. Shekara biyu kana hwaɗa mini cikin dariya, ni ko na ɗauka wasanmu na. Mi yah hana ka hwaɗa mini awa yadda kaka hwaɗi yanzu?”

 Shi da kansa ya hau kujera ya sauko da lasisin ya miƙo mini. Kafin wata ya ƙare ya rufe shagon ya koma albasarsa. Mun ci gaba da gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana ce mini Malam Umaru kamar baƙo. Har ya koma ga Allah bai ƙara ɗaukar mini ko tsinke ba. Kun sha tambaya me ya shiga tsakaninmu, innarki ta ce muku girma ne ya zo. Na ji tsoron ɓata wasa na mako ɗaya, na rasa shi gaba ɗaya, kuma na bar mutumin kirki ya mutu da nauyin da nawa ne.

Ba wanda ya kama ni. Ba a kira ni gaban kowa ba, ba a karɓe lasisina ba. Kowace shekara na sabunta shi, na yi ritaya har da takardar yabo. Wani lokaci nakan ce da an kama ni da ya fi mini sauƙi, ko ba komai da na san na biya wani abu.

To ga abin da nake so ki yi. Ki koma wurin Alhaji, ke da maigidanki, ki ce kin gode da sauƙin amma ba kya so. A rubuta awannin da za ki zauna, ki zauna su. Makullin kabad a jakarki zai kwana. In kin fita, ko salla ce, manyan magunguna sun rufe sai kin dawo. In haihuwa ta zo ko tafiya, a nemo mai lasisi ya tsaya, in ba a samu ba a gaya wa masu inshora gaskiya, su tura mutanensu wani wuri. Sabunta lasisinki ki yi da hannunki, kada ki ba kowa ya yi miki, kada kuma ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba don wani babba na zaune yana sa albarka. In Alhaji ya ce wannan ya yi tsauri, ki ɗauko takardarki ki dawo da ita gida. In kuma hidimar gida ce ba za ta bar ki ki zauna ba, ba abin kunya ba ne, ki sa ta a akwati har lokacin da za ki iya. Takardar da ke akwati ba ta cutar da kowa.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni ba ki amsa jiya. Labbo bai daina zuwa gidan nan ba. Shi ne dattijon nan mai kawo busasshen kifi duk shekara, wanda kuke cewa abokin Baba na Argungu. Makon jiya ya zo, kina wurin ɗinki. Ya yi furfura, har yanzu yana masinjansa, ya ciro katin inshorarsa daga aljihu yana nuna mini da murna, ga hotonsa, ga na iyalinsa. Ya daɗe bai sake aure ba, sai bara waccan. Matar tana da ciki, ya ce watan bakwai ke nan.

“Malam, an ce ɗiyarka za ta zaka shagon Alhaji. Na hwaɗa ma iyali, in anka rubuta muna magani can za mu kai takarda. Tunda jininka na ciki, hankalina ya kwanta.”

Na buɗe baki, Saratu. Shekara goma sha, ga shi a gabana, ba kowa a falon sai ni da shi. Na ce Allah Ya sauke ta lafiya.

Ni na kasa, kuma ban sani ba ko zan iya kafin in mutu. Amma zai zo. Ba zai tambayi wace rana kike leƙawa ba, zai ga sunanki a bango, ya zaunar da matarsa a benci. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da aka haife ki, yau ina roƙonki: in ya zo, ya same ki a ciki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare hannunki daga cutar da bayinsa, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da ban samu ba. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya jiƙan Arzika, ni kuma ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da maigidanki. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru.